Alkafura ba ta kayar da ni, juyi ɗaya ke kunyata ni

Anti, barka da aiki. Shekaruna 15, ina wasan jimnastik a wani kulob a Abuja tun ina 'yar shekara 8. A kan katakon daidaito ina yin alkafurar baya da ta gefe, kuma da wuya in faɗo. Amma cikakken juyi a kan ƙafa ɗaya, wanda ƙananan yara ke yi suna dariya, shi ya zame mini ƙarfen ƙafa. In ban faɗo ba, to sai na yi ta tangal-tangal ina fiffika hannuwa. A gasar da ta wuce a wurin juyin na faɗo, a gaban Mama da ƙannena. Kocinmu kullum cewa take "ki ƙara ƙarfi, ki daina tunani", ni kuwa in na ƙara ƙarfi sai abin ya daɗa lalacewa. Bara na yi targaɗe a idon sawun dama, ƙafar da nake juyi da ita, amma ya warke. Na kuma yi tsawo sosai a bana. Saura wata biyu a yi wata gasar. Ina tunanin ko in bar wannan juyin in koyi na tsugune irin na Simone Biles, gwanar jimnastik ɗin nan ta Amurka, tunda ƙasa-ƙasa ake yin sa, ko kuwa in roƙi a cire ni daga katako gaba ɗaya. Wallahi kunya ta ishe ni.

'Yarki mai damuwa, Abuja

'Yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa ƙafar lafiya. Bari in fara amsa tambayoyinki biyu don ki karanta sauran a natse. Kada ki ce a cire ki daga katako, kuma kada ki soma koyon juyin tsugune yanzu. Wata biyu sun isa a gyara cikakken juyi, in dai kin yarda ki ba shi lokacin da kika daɗe kina hana shi.

Ki zauna ki yi lissafi tsakaninki da Allah. A ranar atisaye guda, sau nawa kike alkafura a kan katako, sau nawa kike juyi? Da wuya in yi kuskure in na ce alkafura ce ke cinye lokacin, ga katifa ga koci tsaye a gefe, juyi kuwa sai can ƙarshe, kowa ya gaji ana neman takalma, a yi biyu ko uku a ce to shi ke nan. Haka abin yake a wurare da yawa, domin alkafura ce ke tsorata iyaye, ita ce kuma ke jawo tafi. Ke kanki kin kira juyi abin da yara ke yi suna dariya. To ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Kin koyi alkafura mataki-mataki har ta zauna a jikinki. Juyi kuwa an nuna miki shi sau ɗaya kina ƙarama, aka ɗauka kin iya, ke ma kika ɗauka haka.

A dokar maki ta FIG, hukumar jimnastik ta duniya mai hedkwata a Lausanne, cikakken juyi a kan ƙafa ɗaya yana rukunin A, mafi araha, darajarsa 0.1 kacal. Amma dubi abin da yake iya cinyewa. Ɗan tangaɗi 0.1 ne, in ya yi yawa 0.3, in ya kai ga babban ceton kai 0.5. Kama katako da hannu don kada a faɗo, 0.5. Faɗuwa maki ɗaya cur, kuma daƙiƙa 10 kawai ake ba ki ki koma sama. Ƙananan gasanni sukan sassauta wasu dokokin, amma lissafin bai canja ba: abin yana kawo kaɗan, yana kwashe da yawa. A duk wasanki na daƙiƙa 90 babu inda za ki tsinci maki da araha kamar nan.

Kuma juyin ba shi da sauƙin da ake jingina masa. Katakon nan tsawonsa mita 5, tashinsa daga ƙasa santimita 125, faɗinsa santimita 10. A alkafura jikinki tsawon katako yake bi, ki tashi a kan layi ki sauka a kan layi, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, idonki na ganin inda za ki dira. A juyi kuwa, da kin ci rubu'i ƙafarki ta gitta katakon, diddige yana lilo a waje, abin da ya rage a kai tudun nan ne na gindin yatsu. Sau biyu hakan ke faruwa kafin ki dawo inda kika fara, kuma a daidai lokacin katakon ya ɓace wa idonki. Duk nauyinki a kan ɗan wurin nan, kina motsi, ba ki ganin ƙasa. Don haka ki daina mamakin kanki.

Sai maganar "ki ƙara ƙarfi". Ina kyautata zaton abin da kocinki ke nufi ki ɗaure jiki ne, ke kuma kina jin ta kamar ta ce ki wurga kanki. Ƙarfin da juyi ɗaya ke bukata ɗan mitsitsi ne. Gwada a ƙasa mai santsi: hannu a ƙugu, ki yi ɗage ki juya. Za ki ga ɗan turin ƙafar baya kaɗai ya kai ki rabi, har ya wuce. Kin san katantanwar da yara ke murzawa. In ta sauka a miƙe a kan tsininta sai ta yi ta juyi wuri ɗaya, in kuwa ta sauka a karkace, ƙarfin murzar ne ma zai cilla ta gefe. Kai, kafaɗu, ƙugu da gindin babban yatsa, in suna kan layi ɗaya tun daga sama har ƙasa, juyin zai tafi da kansa. In layin ya karye, duk ƙarfin da kika ƙara faɗuwar yake gaggautawa. Wannan shi ne abin da kike ji a jikinki, kuma jikinki bai yi miki ƙarya ba.

Yawancin juyin da ya lalace, tun kafin a tashi ya lalace. Tunda da dama kike juyi, zan yi bayanin a kan dama. Ƙafar dama gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hagu a baya. Nauyinki ya riga ya hau ƙafar gaba kafin ki motsa. Yadda za ki gane ya hau: ki iya ɗaga ƙafar baya daga katako ba tare da ƙirjinki ya gusa ba. In nauyin yana tsakiya, to dole ki yi tafiya zuwa gaba a daidai lokacin da kike zagayawa, aiki biyu a lokaci guda, kuma ba kasafai mutum ke isa kan ƙafar a kan kari ba. Hannun dama a lanƙwashe gaban ƙirji, na hagu a gefe. Kafaɗu da ƙugu duk suna fuskantar ƙarshen katako sak. Ki lura da wani hali da kusan duk masu tsoron juyi ke da shi: su murɗa kafaɗu zuwa hagu tukuna don su samo ƙarfin juyawa dama. Daga nan kafaɗa ta riga ƙugu tafiya, jikin ya rabu biyu, kuma ba zai haɗu ba har a gama. In kina yin haka, shi ne abu na farko da za ki kashe.

Sannan ki riƙe wannan jerin a ranki: sama tukuna, sannan zagaye. Ki tura katako ƙasa da ƙafar dama, gwiwa ta miƙe ta kulle, diddige ya tashi iya tashinsa. Ɗagen rabi-rabi illa biyu gare shi. Yana barin fata mai yawa a kan katako, sai ƙafar ta riƙe ta hana ki zagayawa, ke kuma ki rama da fizgar kafaɗa. Na biyu, a wurin alƙalai juyi ya ƙare ne a inda diddigen ƙafar tsaye ya sauka. In ya sauka kafin kafaɗunki da ƙugunki su dawo gaba, juyin bai cika ba, ko da kin ƙarasa shi da ja.

Ƙafar hagu kuma ta tafi wurinta nan take, ko idon sawu ko gefen gwiwa, duk wanda aka koya miki, ta manne a can. Ƙafar da ta makara a baya tana rage gudu da farko, in kika jawo ta a tsakiyar juyi sai gudun ya ƙaru ba shiri, domin duk lokacin da gaɓoɓi suka matso kusa da tsakiyar jiki juyi sauri yake ƙarawa. Wannan fizgar ta tsakiya ita ke ba mutane da yawa mamaki. Hannu ma haka: na dama ya buɗe zuwa gefe kawai, kada ya wuce bayan kafaɗa, na hagu ya biyo shi su haɗu. Ko a gaban ƙirji ko a saman kai, ki zaɓi ɗaya ki zauna a kai har bayan gasa. In saman kai ne, kafaɗu su zauna ƙasa, kada su hau kunne, haƙarƙari kuma kada ya bankaro. Ni dai ga mai fama da tangaɗi na fi son gaban ƙirji, don ɗaga hannu sama yakan ja baya ya lanƙwashe. Amma wannan ki bar wa kocinki, ita ke ganin ki.

Ido kuma fa? Ƙarshen katako za ki kalla, ba yatsunki ba. Kan mutum ya kai kilo huɗu zuwa biyar, in kika sunkuyar da shi don ki duba ƙafa kin karya layin da kanki. Haɓa a daidai, ido ne kaɗai ke sauka zuwa ƙarshen katako. Ki bar idon a can jiki ya fara tafiya, sannan kai ya zagayo da sauri ya riga jiki dawowa, ido ya sake kama wurin. A cikin kunne akwai wasu 'yan bututu uku masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai na juyawa. In ido bai da abin da ya kama, saƙon kunnen ne kaɗai ke isa, daga nan jiri. In ido ya sami ƙarshen katako kafin jiki ya iso, jikin ya san inda zai tsaya.

Tsayawar ita ce kashin da aka fi sakaci da shi, kuma a nan nake so ki fi daɗewa. Yarinya ta ci kashi uku cikin huɗu na juyi, hankalinta ya riga ya tafi ga sauka, sai ta saki ciki, ta jefa ƙafar hagu tana laluben katako. Faɗowa daga cikin juyi ke nan, ko da ƙafar ta dace ta sami katakon. Abin da nake so ki koya: ki gama zagayen kina nan a ɗage, ƙafar hagu na manne, ki ƙirga ɗaya, biyu a zuci, sannan ki ajiye hagun a gaba, sannan diddige ya sauka a hankali. Abin da ke tsayar da ke shi ne matse ciki da mazaunai da cinyoyi, tare da buɗe hannuwa gefe, wanda ke rage gudun. Da farko za ki ga ba ki iya kai ko ƙirga ɗaya. Ba komai. Ranar da kika iya kai biyu a kan layin da aka ja a ƙasa sau biyar a jere, matsalarki ta kusa ƙarewa, domin wadda ta iya tsayawa a sama bayan juyi ita ke zaɓar lokacin saukarta.

Yanzu ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarki, kuma a jimla ɗaya kika wuce shi: targaɗen nan. Kin ce ya warke. Ciwo ya daina, na yarda. Amma jijiyoyin idon sawu ba riƙe ƙashi kaɗai suke yi ba, su ne kuma ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta karkata, tun kafin ido ya gani. Bayan targaɗe wannan saƙon yakan yi rauni ya daɗe a haka, in ba a sake horar da shi ba, ko da babu kumburi babu zafi. Tafiya da gudu ba za su tona asirin ba. Ɗage a ƙafa ɗaya a kan santimita 10 zai tona shi.

Ki gwada yau a gida, kusa da bango. Tsaya a ƙafar hagu, ido a rufe, wani ya duba agogo. Sannan dama. Sai kuma ki dafa bango da yatsa ɗaya ki yi ta ɗage da sauka a ƙafa guda, a hankali, diddige yana kai ƙololuwa kowane karo, ki ƙirga nawa hagu ta yi kafin ta gaji, nawa dama ta yi. Ki kuma duba a madubi ko idon sawun dama yana ɓallewa waje, nauyi ya koma kan ƙaramin yatsa. Nauyin ɗage wurinsa tsakanin babban yatsa da mai bi masa. In kika ga dama ta gaza hagu a fili, kin sami rabin amsarki, kuma maganinta atisayen nan da kansu ne, kullum, minti goma, har da ranar da ba ku zuwa kulob. In kuwa akwai zafi, ko a idon sawun, ko ƙarƙashin babban yatsa inda wasu 'yan ƙananan ƙasusuwa biyu ke ɗaukar nauyin ɗage, ko ƙafar tana yi miki kamar za ta turguɗe, ki gaya wa Mama ta kai ki wurin likitan gashin ƙashi kafin ki ƙara yawan juyi. Kada ki ɓoye don tsoron a hana ki gasa.

Tsawon da kika yi ma yana da hannu. Ƙafafu sun ƙaru, tsakiyar nauyin jiki ta ɗan hau, ƙwaƙwalwa kuwa tana aiki da ma'aunin bara. Wannan kusan kowace 'yar wasa tana ratsa shi, kuma maimaici ne ke daidaita shi. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: kada wani ya ce miki nauyi ne, ki rage ci. Mai juyi da yunwa jiri take gayyata. In ma kina ganin jiri ko duhu-duhu a lokacin da ba juyi kike ba, wannan maganar asibiti ce, a duba jininki.

Ki nemi wata cikin abokan wasanki ta ɗauke ki bidiyo da waya, ta tsaya a ƙarshen katako, daga baya ta koma gefe. Juyi goma, ki kalla a hankali, ki rubuta ɓangaren da kike faɗawa kowane karo. Za ki sha mamaki, ba ko'ina kike faɗawa ba, kusan kullum wuri ɗaya ne. In baya kike tafiya, ko nauyi bai hau ƙafar gaba ba, ko ƙirji ya bankare. In gaba ne, kai ya sunkuya ko ƙugu ya tsaya a baya. In gefen ƙafar tsaye ne, duba idon sawun da ke ɓallewa, ko ƙugun hagu da ya ɗaga sama garin ɗaga gwiwa. In gefen hagu ne, sau da yawa naman gefen ƙugun dama ne bai riƙe ba, ƙugun hagu ya zube. Kuskure ɗaya za ki ɗauka ki yi mako guda a kansa. Mai gyara abu biyar a juyin da bai kai daƙiƙa biyu ba, babu wanda za ta gyara. A nan kocinki ta yi gaskiya da ta ce ki daina tunani: tunanin a ƙasa ake yin sa, a kan katako kalma ɗaya ko biyu ta isa, kamar "sama" da "ido".

Ga yadda zan raba wata biyun in ni ce. Makonni biyu na farko ki manta da cikakken juyi a babban katako, sai in koci ta bukata a cikin jerin wasa. Ki koma layin ƙasa da ƙaramin katako: tashi zuwa ɗage a ƙafa ɗaya ba juyi, ki tsaya, rubu'in juyi, ki tsaya, rabi, ki tsaya, hannu a ƙugu a yawancinsu don kafaɗa ta daina sata. Zai gundure ki, ƙananan yara ma za su kalle ki. Ki ƙyale su. Daga nan cikakke a layi, sai ƙaramin katako, sai matsakaici, kuma ba ki hawa mataki na gaba sai kin tsayar da takwas cikin goma a wanda kike. Ranar da abin ya rikice a sama, ki sauko mataki ɗaya ki gyara, kada ki tsaya kina tara faɗuwa, don jiki abin da aka fi maimaita masa yake haddacewa. A ƙasa kuma ki riƙa wasa da juyi ɗaya da rabi, har biyu, don ɗaya ya zame miki ƙarami. Kuma ki roƙi a dawo da juyi farkon lokacin katako, sa'ad da ƙafa ke da ƙarfi.

Makonni ukun ƙarshe aikin ya canja. A gasa ba a ba ki juyi goma ki zaɓi mai kyau, guda ɗaya ne, kuma yana zuwa ne bayan tsalle ko alkafura, zuciya na bugawa. Don haka ki riƙa yin sa a inda yake a jerin wasanki, da abin da ke gabansa da abin da ke bayansa. Wani lokaci ki yi tsalle-tsalle har ki yi haki, ki hau ki yi guda ɗaya tak. Wani lokaci ki tara abokan wasa su zauna su zuba miki ido shiru, ki ɗaga hannu kamar gaban alƙali. Ki sa wa kanki numfashi ɗaya kafin juyin, ki fitar da iska sannan ki tashi, kullum iri ɗaya. Numfashi ɗaya na ce, don dogon tsayawa kafin motsi shi ma ana cire masa maki, kuma tsoro yake ba wa wuri.

A gida, layin salatif a ƙasa mai laushi ya ishe ki. Ban yarda da benci ba, ban yarda da bakin dakali ko katanga ba. Kada kuma ki yi juyi ba takalmi a kan kafet ko siminti mai kaushi, ƙafa za ta kafe gwiwa ta murɗe. Shi ma saman katako, da yake an lulluɓe shi da abu mai kama da fata, yana riƙe ƙafa gwargwadon danshinta: gumi ya sa ta manne, alli mai yawa ko bushewar hunturu ya sa ta zame. Doka ta yarda a sa safa ko ɗan takalmin jimnastik, kuma akwai masu sa rabin takalmi a ƙafar juyi kaɗai. In za ki gwada, yanzu ne lokacin, ba makon gasa ba, kuma ki tabbata bai ɓata miki alkafura ba. Kaushi da faso ki riƙa kula da su da dare, amma kada ki shafa mai a tafin ƙafa ranar atisaye, kanki da na bayanki za ki cuta.

Juyin tsugune da kike hange, kusancinsa da katako yaudara ce. Ana yin sa a tsugune a kan ƙafa ɗaya, ɗayar a miƙe gefe, nauyi duka a kan gwiwa da idon sawun da suka lanƙwashe iya lanƙwasa, wato daidai gaɓar da ba mu tabbatar da lafiyarta ba. Biles takan yi uku a tsugune, wanda ke ɗauke da sunan Lauren Mitchell ta Ostareliya, kuma ko a manyan gasanni za ki ga gwanaye suna fiffika hannu a cikinsa. Layin da ya gagare ki a tsaye yana jiran ki a tsugune. Bayan gasa, in ƙafa ta yi ƙarfi kuma koci ta yarda, ki fara shi a ƙasa.

Tunda kin kawo Biles, ga wata da nake so ki nemi bidiyonta ki kalla: Sanne Wevers ta Holan. A gasar Olamfik ta Rio a 2016 ita ta ci zinaren katako da maki 15.466, tana da shekara 24, Laurie Hernandez ta zo ta biyu, Biles ta uku bayan ta kama katako da hannu. Wevers ba ta cika wasanta da manyan alkafura ba, da juyi ta gina shi, ɗaya na bin ɗaya, har akwai juyi biyu da ƙafa a miƙe gaba da ake kira da sunanta. In kina kallo, kada ƙafar da ke sama ta ɗauke miki hankali. Ki dubi diddigen ƙafar tsaye, yadda yake can sama tun farko har ƙarshe, ki dubi kuma yadda ba ta gaggawar shiga. Juyi uku a tsaye kuwa sunan Betty Okino yake ɗauke da shi, 'yar Amurka da aka haifa a Yuganda. Abin da kike raina ƙaraminsa, manyansa sun sa sunayen mutane a littafin doka.

Kocinki kuma ki same ta bayan an tashi, ba a tsakiyar atisaye ba, da ladabi, da bidiyon a hannunki. Ki ce: "Koci, na lura kullum gefe kaza nake faɗawa, me kike gani? Kuma in kin ce in ƙara ƙarfi, a ina zan sa shi?" Ki gaya mata abin da gwajin ƙafa ya nuna, ki nemi minti goma na juyi a kowace rana. Da wuya malami ya ƙi ɗalibin da ya zo da tambaya irin wannan. Duk abin da na faɗa a nan, in ya saɓa da abin da ta gani da idonta, nata za ki bi, don ni wasiƙa na karanta.

Kunyar kuwa, na san ba a cire ta da magana. Amma ki sani a wasan ƙarshe na katako a Olamfik ta Paris a 2024, huɗu cikin 'yan wasa takwas sun faɗo, har da Biles da Sunisa Lee, Alice D'Amato ta Italiya ta ɗauki zinare don ta zauna a sama lafiya. Mama ta ga kin faɗo, ta kuma ga kin sake hawa kin ƙarasa, kuma ina da tabbacin ba abin da kike zato ne ya tsaya mata a rai ba. Ki tambaye ta. Ki ma ba ta aikin riƙe agogo a gwajin ƙafar nan na yau, tunda ita za ta kai ki asibiti in ta kama. Bayan mako uku ki sake gwajin, ki rubuto mini abin da hagu ta yi da abin da dama ta yi, da gefen da bidiyo ya nuna kina faɗawa.